Rabon Aiki a Cikin Ayarin Masu Rubuta Manhaja

Kwamfuta na'ura ce wadda ba ta da wayon kanta. Duk abin da ta ke yi, ko lissafin albashi ne, ko ajiye sunayen marasa lafiya a asibiti, ko aika kuɗi ta wayar hannu, wani mutum ne ya zauna ya rubuta mata umurni layi bayan layi, ita kuwa ba ta ƙara kome bisa abin da aka gaya mata, ba ta kuma ragewa. Wannan jerin umurni shi a ke kira manhaja. Ƙaramar manhaja mutum guda ya kan rubuta ta a ɗakinsa cikin 'yan makonni. Amma babba, irin wadda banki ko gwamnati ke bukata, ta kan kai layi miliyan ko fiye, ba ta yiwuwa sai da taron jama'a.

To, nan wuyar ta ke. Magina in sun taru, kowa yana ganin bangon da ɗan'uwansa ya ɗora, in ya karkace sai a faɗa tun bai yi tsawo ba. Manhaja kuwa ba a ganinta da ido. Mutum ɗari su kan shekara suna rubutu, kowa yana tsammanin aikinsa daidai ne, sai ranar da aka zo haɗawa a tarar na wannan bai shiga cikin na wancan ba. Saboda haka abin da ya fi damun masu wannan sana'a, yau fiye da shekara sittin ke nan, shi ne rabon aiki: wa zai faɗi abin da za a yi, wa zai faɗi yadda za a yi shi, in kuwa ya lalace wa za a tambaya?

Ran 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar wasu sababbin kwamfutoci waɗanda ya sa wa suna System/360. Kamfanin ya zuba musu kuɗi kimanin dala biliyan 5, watau in abin ya faɗi kamfanin ma yana iya faɗuwa. Aka danƙa wa wani mutum mai suna Frederick Brooks shugabancin rubuta babbar manhajar da za ta tafiyar da na'urorin. Sa'ad da aikin ya kai ganiyarsa, mutum fiye da 1,000 ke cikinsa. In an tara aikin da aka yi tsakanin 1963 da 1966, ya yi daidai da a ce mutum guda ya yi shekara 5,000 yana aiki. Duk da haka manhajar ta makara, ta ci kuɗi ninkin ba ninkin abin da aka ƙiyasta, ta kuma fito cike da kurakurai. Brooks ya koma koyarwa a jami'a, a 1975 ya buga littafi inda ya ba da labarin abin da ya faru, bai kuwa ɓoye laifin kansa ba.

Ga babban kuskuren da ya ce ya yi. Kafin a fara rubutu, wajibi ne a tsara yadda manhajar duka za ta kasance, kamar yadda a kan zana gida a takarda kafin a haƙa harsashi. Akwai wani shugaba a ƙarƙashinsa mai gwanaye 10, ya ce mutanensa za su iya zanen, amma sai a ba su wata 10, watau wata uku ke nan fiye da lokacin da aka yanka. Akwai kuma wani shugaba mai mutum 150, ya ce a ba shi, zai gama cikin wata 7, in kuwa ba a ba shi ba mutanensa za su zauna hannu rabbana suna cin albashi. Brooks ya dubi mutum 150 zaune ba aiki, ya ga ba zai iya ba, ya ba su zanen. Ƙarshenta sai da suka makara da wata ukun nan dai, zanen kuma ya fito kamar riga wadda teloli da yawa suka yanka, kowa da awonsa. Daga baya ya ce wannan shawara ta jawo hasarar miliyoyin daloli.

Brooks ya bayyana dalilin da lissafi mai sauƙi. In mutum 5 ke aiki tare, kowa kuma dole ya san abin da ɗan'uwansa ke ciki, hanyoyin magana tsakaninsu 10 ne. In sun kai mutum 10, hanyoyin sun zama 45. In sun kai 50, sun zama 1,225. Hannuwa suna ƙaruwa ɗaya-ɗaya, magana kuwa tana ƙaruwa tuli-tuli. Don haka ya ce ƙara ma'aikata a kan aikin da ya riga ya makara ƙara masa jinkiri ya ke yi, gama tsofaffin hannu sai sun bar nasu aikin su koya wa baƙi. A IBM sun yi ƙoƙarin maganin wannan da takarda. Suka buɗe kundi guda wanda a ke rubuta kowace shawara a ciki, a raba wa ofisoshi. Cikin wata shida kaurin kundin ya kai ƙafa biyar, kowace rana kuma sai an sauya shafi wajen 150 a cikin kowane kwafi.

Shawarar da Brooks ya kawo, wadda ya samo daga abokin aikinsa Harlan Mills, ita ce a yi koyi da ɗakin tiyata: likita guda ke riƙe da wuƙa, sauran mutum tara suna miƙa masa abin da ya ke bukata. Amma galibin kamfanoni wata hanya suka bi. Suka raba aikin mataki-mataki, kowane mataki da ofishinsa. Masu tambayar bukata su rubuta abin da a ke so, su miƙa wa masu zane, su kuma su miƙa wa masu rubutu, su kuma su miƙa wa masu gwaji. A kan kira wannan tsari gangaren ruwa, don ruwa in ya gangara ba ya komawa sama. Abin mamaki, Winston Royce, wanda ya zana hoton matakan nan a 1970, a cikin takardar tasa ya yi gargaɗi cewa bin su kai tsaye haɗari ne. Mutane suka ɗauki hoton, suka bar gargaɗin. Aibin tsarin a fili ya ke: kowane ofis yana iya nuna takardar shaida cewa ya gama nasa, manhajar kuwa ba ta aiki, ba kuma wanda za a kama.

Sabon tunani daga ƙasar Japan ya ɓullo, ba kuwa daga masu manhaja ba. A Janairu 1986 wasu malamai biyu, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kamfanoni irin su Honda da Canon da Fuji-Xerox. Suka lura cewa inda aka fi saurin fito da sabuwar mota ko sabuwar na'urar ɗaukar hoto, ba a bin tsarin tseren miƙa sanda, inda kowa ke gudun nasa rabo ya miƙa ya zauna. A kan ɗebo mutane daga kowane sashe a haɗa su ƙungiya guda, a gaya musu inda a ke so su kai, a bar su su nemi hanya. Waɗanda suka ƙera ƙaramar motar Honda City samari ne, matsakaicin shekarunsu 27. Malaman suka kwatanta wannan da wasan ƙwallon da a ke kira ragbi, inda 'yan wasa ke tafiya gaba ɗaya suna miƙa wa juna ƙwallo. A cikin wasan nan akwai lokacin da mutum takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa su tura abokan karawarsu, ana kiransa sikiram.

Jeff Sutherland, tsohon matuƙin jirgin saman soja, ya karanta binciken nan, ya gwada shi a kan masu rubuta manhaja a kamfanin Easel a 1993. A 1995 shi da Ken Schwaber suka bayyana tsarin a wani taro a birnin Ostin na jihar Tekzas, da sunan Sikiram. Ƙungiya ba ta wuce mutum goma. Aiki kuma a kan yanka shi zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba, galibi ma mako biyu ne, a ƙarshensa kuwa dole a nuna wani abu mai aiki, komai ƙanƙantarsa, don gani ya kori ji.

Muƙami uku kaɗai tsarin ya yarda da su. Na farko shi ne mai kaya. Shi ke tsayawa a madadin waɗanda za su yi amfani da manhajar, shi ke riƙe da jerin bukatu, shi ke faɗin wadda za a fara da wadda za ta jira. Sharaɗi ne ya zama mutum guda, ba kwamiti ba, duk wanda ke son a sauya jerin kuwa, ko da shugaban kamfani ne, sai ya bi ta wurinsa. Na biyu su ne ma'aikatan kansu, masu zane da masu rubutu da masu gwaji a wuri ɗaya. Su ke faɗin yawan kayan da za su iya ɗauka a zango guda, su ke zaɓen yadda za su yi, ba mai tsaya musu a ka. Kowace safiya su kan tsaya minti 15 su duba inda aka kwana. Na uku shi ne mai share hanya. Ba shi da ikon ba kowa umurni. Aikinsa ya tabbata ana bin ƙa'idar tsarin, in wani abu ya tare wa ma'aikata hanya, ko na'ura ce ta ƙi zuwa, ko wani babba ne ke yawan katse su da saƙo, shi zai tafi ya kawar. Fataken da ke zuwa Gwanja a zamanin da ba za su ga baƙon abu a nan ba, gama su ma ba su haɗa wa mutum guda aikin madugu da na jagaba ba. Hikimar rabon ita ce an raba ikon da a da ke hannun manaja guda: mai faɗin abin da a ke so ba shi ke faɗin kwana nawa zai ci ba.

A cikin muƙaman nan, na mai kaya ya fi nauyi, an kuwa ga haka da wuri. A 1996 kamfanin motoci na Chrysler ya kira Kent Beck ya gyara aikin manhajar biyan albashin ma'aikata wajen 87,000. Beck yana da nasa tsarin, ɗan'uwan Sikiram, wanda ya ce dole wakilin masu kaya ya zauna ɗaki ɗaya da ma'aikata kullum. A 1997 manhajar ta fara biyan mutum kimanin 10,000. Amma wadda ta riƙe wakilcin nan gajiya ta kama ta, ta ajiye, ba a kuwa sami wanda ya cike gurbinta sosai ba. A Fabrairu 2000 aka soke aikin bai kai ga sauran ma'aikatan ba.

Bayan shekara guda, daga 11 zuwa 13 ga Fabrairu, 2001, mutum 17 masu irin wannan ra'ayi, har da Sutherland da Schwaber da Beck, suka taru a Snowbird, wani masauki kan duwatsun jihar Yuta. Suka fito da 'yar gajeriyar sanarwa, suka kira hanyarsu ajayil, watau zafin nama. Sanarwar ta fifita mutane da shawararsu bisa ƙa'idodin ofis, ta fifita manhaja mai aiki bisa tarin takardu. Ba ta ambaci muƙami ko ɗaya ba, ba ta kuma faɗi yadda za a yi in ma'aikata sun kai ɗari biyar ba. Manyan kamfanoni da gwamnatoci suka ce wannan wasan yara ne na mutum takwas a ɗaki guda.

Abin da ya fara sauya musu ra'ayi ya faru ne a hukumar 'yan sandan ciki ta Amurka, wadda a ke kira FBI. Har zuwa 2001 galibin aikin hukumar nan a takarda a ke yinsa. A Yuli na shekarar wani jami'inta a birnin Finiks ya rubuta gargaɗi a kan wasu mutane da ke koyon tuƙin jirgin sama, a Agusta kuma jami'anta na jihar Minesota suka sa aka tsare wani ɗalibin tuƙin jirgi da suka yi shakkarsa. Ba wata na'ura da za ta haɗa labarin nan biyu. Ran 11 ga Satumba aka kai harin da ya kashe mutum kusan 3,000. Sai hukuma ta matsa a gaggauta sabuwar manhaja wadda kowane jami'i zai ga abin da ɗan'uwansa ya sani.

Kamfanin SAIC ne ke riƙe da kwangilar. Aka rubuta bukatu shafi wajen 800. Don sauri, kamfanin ya raba mutanensa ƙungiya takwas, kowace tana gina nata sashe, da niyyar a haɗa daga baya. Jami'an hukuma kuwa suka yi ta aiko da sauye-sauye, wajen 400 cikin shekara guda, ba wani mutum guda da zai ce wannan a yi, wannan a bari. A ɓangaren hukumar ma kujera ba ta ɗumi: babban mai bincike na ma'aikatar shari'a ya ƙidaya shugabannin sashen kwamfuta 5 da manajojin aiki 10 da suka shiga suka fita cikin shekara uku da 'yan watanni. A Disamba 2003 aka kawo manhaja mai layi fiye da 700,000, aka gwada, ba ta amfanu ba. A 2005 aka yar da ita, bayan an kashe dala miliyan 170.

Aka sake ɗaura ɗamara a Maris 2006, aka ba kamfanin Lockheed Martin sabon aiki mai suna Sentinel, za a gama a ƙarshen 2009. Zuwa Agusta 2010 an kashe dala miliyan 405 cikin 451 da aka ware, rabin aikin kaɗai aka samu. Masu ƙiyasi daga waje suka ce sai an ƙara dala miliyan 351 da shekara shida. Sa'an nan shugaban sashen kwamfuta na hukumar, Chad Fulgham, da abokin aikinsa Jack Israel, suka yi abin da ba a zata ba. Suka karɓe ragamar aikin daga hannun ɗan kwangila, suka rage ma'aikata daga ɗaruruwa zuwa kimanin 50, suka sauko da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa na hedkwatar hukumar a Washinton, suka zaunar da jami'ai masu bincike tare da masu rubutu. Suka yanka bukatun gunduwa 670, kowane mako biyu a nuna abin da aka gama, abin da bai ci gwaji ba kuwa ba a lissafa shi. Ba a ce tafiyar ta yi sumul ba. A Oktoba 2011 aka gwada da jami'ai fiye da 700 a lokaci guda, tsofaffin na'urori suka kasa ɗauka, sai da aka sayi sababbi. Amma ran 1 ga Yuli, 2012, Sentinel ta fara aiki a hukumar duka, ba a kuwa tsallake kuɗin da aka ware ba.

Mai lura zai ga cewa FBI ba ta warware matsalar yawa ba, guje mata ta yi, ta mai da babban taro ƙarami. Ba kowane aiki ke yarda da haka ba. Kamfanin da ke gina manhajar wayar tarho ta ƙasa guda, ko banki mai rassa dubu, ba shi da yadda zai yi da mutum 50. In dambu ya yi yawa kuwa ba ya jin mai. Ƙungiya talatin, kowace da mai kayanta, wa zai raba gardama in bukatunsu sun yi karo?

Dabara ta farko mai sauƙi ce. Sutherland ya gwada ta a kamfanin IDX, mai manhajar asibitoci, a ƙarshen shekarun 1990: kowace ƙungiya in ta gama tsayuwarta ta safe sai ta aiki wakili guda zuwa tsayuwar wakilai. Daga nan masana suka rabu biyu. Craig Larman da Bas Vodde, waɗanda suka fara tsara tasu hanyar a 2005, suka ce kada a ƙara muƙamai. A bar mai kaya guda da jerin bukatu guda har ga ƙungiya takwas, kowace ƙungiya kuma ta iya ɗaukar bukata ta gama ta daga farko har ƙarshe ba tare da jiran wata ba. Sai in an wuce takwas za a naɗa wa mai kaya mataimaka, kowa da yankinsa. Dean Leffingwell kuwa, a tsarin da ya fitar a 2011 mai suna SAFe, ya ɗauki misalin jirgin ƙasa. A haɗa mutum 50 zuwa 125 su zama jirgi guda, kowace ƙungiya taragu. A naɗa direban jirgi, wanda shi ne babban mai share hanya, da manajan kaya a saman masu kayan ƙungiyoyi, da babban mai zane wanda zai tsare kamannin ginin duka, watau aikin nan da Brooks ya yi nadamar ba taron mutum 150. Kowane mako 8 zuwa 12 jama'ar jirgin duka su kan taru kwana biyu, su shirya zangon gaba, su ja zare a allo daga ƙungiyar da ke jira zuwa wadda a ke jira. A ƙarshe kowa ya ɗaga yatsu, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yardarsa da shirin. In yatsun sun yi kaɗan a sake zama.

Manyan kamfanoni sun karɓi tsarin jirgin nan hannu biyu-biyu, don kowane tsohon manaja ya sami kujera a ciki. Don wannan dalilin kuma Schwaber ya yi masa kakkausan suka a 2013, yana ganin tsohon tsari ne aka sa wa sabuwar riga. Kowannensu yana da hujja. Taron kwana biyun nan yana tona asirin jinkiri tun da wuri, wannan ba gardama. Amma inda aka naɗa muƙaman aka hana su iko, mai kaya ya kan zama akawu mai kwafe umurnin da aka aiko daga sama.

Hanya ta uku daga ƙasar Suwidin ta zo. A Nuwamba 2012 Henrik Kniberg da Anders Ivarsson suka bayyana yadda kamfanin waƙoƙi na Spotify ke tafiyar da ƙungiya 30 a birane uku. Kowace ƙungiya tana da mai kayanta, tana cin gashin kanta. Ƙungiyoyi masu aiki kusa da juna su kan zama ƙabila guda, wadda ba a so ta wuce mutum 100. Masu sana'a iri ɗaya a cikin ƙabila, kamar masu gwaji, suna da nasu shugaban wanda ke duba albashinsu da ci gabansu, ko da ya ke suna warwatse cikin ƙungiyoyi dabam-dabam. Marubutan sun faɗa tun a lokacin cewa hoton rana guda ne suka ɗauka, gobe yana iya sauyawa. Duniya ba ta saurara ba. A 2015 bankin ING na ƙasar Holan ya rushe tsarin hedkwatarsa mai ma'aikata 3,500, ya kafa ƙungiyoyi wajen 350 na mutum tara-tara cikin ƙabila 13, kowa kuma sai da ya sake neman aikinsa kamar baƙo. A 2020 wani tsohon ma'aikacin Spotify ya rubuta cewa ko a gidan nasu tsarin bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Babban aibin da ya nuna shi ne, a cikin ƙungiya guda ma'aikata suna da shugabanni uku ko huɗu a waje, in gardamar sana'a ta tashi mai kaya ba shi da mutum guda da zai je wurinsa a yanke.

Ana cikin wannan muhawara gwamnatin Amurka ta sake faɗawa ramin da FBI ta fito. Dokar inshorar lafiya ta Shugaba Barack Obama, wadda aka sa wa hannu a 2010, ta tanadi wani shafin intanet mai suna HealthCare.gov inda marasa inshora za su sayi tasu. Kamfanonin kwangila 55 ke da hannu a ciki. Wasunsu ma suna aiki zango-zango bisa sabuwar hanya. Amma ba a naɗa ɗan kwangila guda wanda zai haɗa sassan ba, hukumar da ke kula da shirin ta ce ita za ta yi da kanta, alhali ba ta saba da irin wannan ba. Ba a gwada sassan a haɗe ba sai ana saura 'yan kwanaki. Ran 1 ga Oktoba, 2013, aka buɗe. Miliyoyin mutane suka zo, mutum 6 kaɗai suka sami yin rajista a ranar. Babban mai bincike na ma'aikatar lafiya, a rahotonsa na 2016, ya ce mafi muni cikin kurakuran shi ne rashin shugaba guda sananne wanda nauyin aikin duka ke wuyansa.

Kafin watan ya ƙare Obama ya naɗa Jeffrey Zients ya riƙe gyaran, aka mai da kamfani guda, QSSI, uban sauran 'yan kwangila, aka kuma gayyato 'yan injiniyoyi kaɗan daga waje. Cikinsu akwai Mikey Dickerson na kamfanin Google. Da suka iso suka tarar ba wani allo da ke nuna ko shafin yana aiki, har ma'aikata a talabijin su kan ji labarin ya faɗi. Suka fara kafa allon. Sa'an nan Dickerson ya sa tsayuwa sau biyu a rana, da safe da maraice, wakilan kamfanoni duka a tsaye ko a kan waya. Ya liƙa ƙa'idodi a bango: nan wurin warware matsala ne, mai neman wanda zai ɗora wa laifi ya nemi wani ɗakin, wanda ya fi sanin abin da a ke magana a kai shi zai yi magana, ko da shi ne ƙarami a muƙami, kuma abin da zai cuci shafin cikin kwana ɗaya ko biyu shi za a fara dubawa. A makonnin gyaran ba a kori 'yan kwangilar ba, galibin hannuwan da suka gina shafin su suka gyara shi. Zuwa 1 ga Disamba shafin yana ɗaukar yawancin masu zuwa, zuwa Afrilu 2014 kuma mutum miliyan 8 sun yi rajista a ƙarƙashin dokar, wasu ta shafin, wasu ta na jihohinsu. A Agusta na shekarar fadar shugaban ƙasa ta kafa wani ƙaramin ofis don taimakon ma'aikatun gwamnati a kan manyan ayyukan manhaja, aka ba Dickerson shugabancinsa.